Hannun da Muka Ɗaure

Ni ce na fara ɗaure hannun Baba. Gara in faɗi wannan tun yanzu, kada in yi nisa da magana ku ɗauka ni ce ta kirki a gidan.

Baba surukina ne, mahaifin mijina. Kafinta ne, ya fi shekara arba'in yana sana'ar. A shagonsa shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ta tafi da hannun dama da ƙafar dama, ta haɗa da magana. Da muka dawo da shi daga asibiti bakinsa a karkace yake, in ya buɗe shi ba abin da ke fita sai "aa, aa". Amma hankalinsa ras. Likita ta faɗa mana har sau biyu cewa yana ji, yana gane abin da ake faɗa, kalmomin ne kawai ba sa isowa bakinsa.

Abin da ya rage masa shi ne hannun hagu, kuma da shi yake magana. Yakan ƙwanƙwasa katakon gadonsa da bayan yatsu. Bugu ɗaya, ruwa yake so. Biyu, bayan gida. Uku, a juya shi, bayansa ya gaji. In kuwa ya kama bugawa ba tsayawa, to yawu ne ya sarƙe shi, sai a sheƙo a guje a ɗaga shi zaune. Sati guda na yi kafin na gane lissafin. Ranar da na gane, ya ɗaga min babban yatsa yana dariya da rabin baki. In na kawo masa shayi babu sukari kuwa, sai ya kaɗa min yatsa kamar ya kama ɓarauniya.

Mu biyu ne matan gidan. Akwai Yaya, wan mijina, da matarsa da muke ce wa Anti. Anti tela ce, a falo take karɓar masu ɗinki, kuma falon bango ɗaya ne da ɗakin Baba. Mijina direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku ban sa shi a ido ba. Don haka jinya ta faɗo kaina, ba wanda ya zauna ya raba, haka kawai ta faɗo.

Wata guda da dawowarmu, ni da Yaya muka kai shi wurin likitar gashin ƙashi. Ta kama hannun daman ta ce ya matse yatsunta. Muna kallo, yatsu biyu suka ɗan motsa. Matar nan ta yi murna kamar mahaifinta ne. Ta ɗauko wata safar hannu mai kauri, irin ta 'yan dambe, ta miƙo min.

Ta ce, "Za ki riƙa sa masa wannan a hannun hagu, don ya tilasta wa na dama aiki. Rabin awa da safe, rabin awa da yamma. Ki zauna tare da shi, ki ajiye masa kofi ko cokali ya yi ƙoƙarin ɗauka. In ya gaji ki cire. Kada ki kuskura ki sa masa ki fita, don da hannun nan yake kiran ku. Ku dawo bayan sati shida."

A mota Yaya ya ce, "Kin ji dai da kunnenki. Hannun hagun nan ne ke hana na dama tashi."

Na ce, "Rabin awa ta ce, Yaya."

"Rabin awa ga mai son warkewa a shekara. Mu a wata muke so."

Kwanakin farko na yi yadda aka ce. Baba ya riƙa nishi, gumi na keto masa, yana tura kofi da yatsu biyu. In ya gaji sai ya kai safar baki ya cire ta da haƙori, ya jefo min. Ni dariya abin yake ba ni. Yaya ya shigo wata rana ya ga hakan, bai yi dariya ba.

Ya ce, "Tsoho ya raina ki. A haɗa da ɗauri."

Anti na bakin ƙofa da almakashi a hannu. Ta ce, "Wallahi da an huta. Jiya wata mai ɗinki ta tambaye ni ko gyaran ƙofa ake mana. Na ce a'a, kafintan ne bai san ya yi ritaya ba." Ta yanko wani dogon ƙyalle daga ragowar atamfa ta ba mijinta.

Yaya ya kama hannun. Ban taɓa sanin tsoho mai rabin jiki yana da ƙarfi haka ba. Ya fizge, ya kai wa Yaya mangari, ya yi ta ihun "aa, aa" har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Yaya ya ja da baya yana huci, ya wurgo min ƙyallen.

"Maganarki yake ji. Ɗaure shi."

Na durƙusa a gefen gado. Na ce, "Baba, na ɗan lokaci ne. Likita ce ta ce." Ya dube ni. Sai ya miƙo min hannun da kansa. Na ɗaure shi a jikin katakon gado, na yi ƙulli sako-sako, na fito ban iya waiwayawa ba.

Ranar awa biyu ya yi. Washegari huɗu. Kafin sati ya zagayo, da na gama ba shi karin kumallo nake ɗaurewa, sai Yaya ya dawo daga ofis da yamma ya ba da izinin kwancewa. Safar likita kuwa tana kan kwaba, ƙura ta rufe ta. Kofi da cokali ma aka daina, don Anti ta ce ba ni kaɗai ce da aiki a gidan ba da zan tare a ɗakin tsoho in bar mata girki da wanke-wanke.

Gida ya yi tsit. Shirun nan shi ya fi komai ba ni tsoro. Ina wanki a tsakar gida kunnena na ɗakin. In na ji shiru ya yi yawa sai in yar da sabulu in ruga. Nakan same shi idonsa a kan ƙofa, leɓensa ya bushe ƙamas. Tun yaushe yake son ruwa? Oho. Ba yadda zai faɗa.

A kwana na biyar ya ɓata shimfiɗa. Mutumin da tun kwanciyarsa bai taɓa yi a kwance ba. Ina canza zanin gado ya juyar da fuska bango, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Anti ta leƙo, ta toshe hanci.

"Kin gani ko? Ciwon ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. A sayo famfas na manya kawai."

Na ce, "Anti, kira ne bai samu yi ba."

"To da can da yake kiran, warkewa ya yi?"

Na kira mijina a waya, na shige banɗaki don kada a ji. Ƙarar mota ta cika layin. Na faɗa masa komai ina kuka. Ya ce, "Ba likita ce ta ce ba?" Na ce ba haka ta ce ba. Ya ce, "Ke kin fi Yaya ilimi ne? Ubansa ne fa. Don Allah kada ki haɗa ni faɗa da ɗan'uwana ina kan hanya. Abin da ya ce ki yi shi."

Na fara satar kwancewa. Da Yaya ya fita, Anti ta kunna keken ɗinki, sai in lallaɓa in sassauta ƙullin, in ce, "Baba, don Allah kada ka buga sai ya zama dole." Yakan ɗaga min kai. Kwana uku muna haka. A na huɗu yawu ya sarƙe shi, ya yi ta buga katako kamar zai fasa shi, falo cike da mata. Na ɗaga shi, na bubbuga bayansa har numfashi ya dawo. Ina juyowa na ga Anti a tsaye.

Da yamma Yaya ya kira ni falo. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Ke ce ba kya so ya warke. Na lura da ke. Muna gini kina rushewa. In kin gaji da gidan nan ki faɗa, in kira ƙanina ya sallame ki, ki bar mana yaranmu ki kama gabanki."

Yarana biyu ne, babbar shekararta bakwai. Na sunkuyar da kai na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri, ku ji fa.

Daga ranar aka daina sassauci. Baba ya koma cizon ƙullin da haƙori, har ya taɓa kwance shi sau ɗaya. Sai Yaya ya ce a riƙa ɗaga hannun sama, a ɗaure shi a kan gadon, can saman kai inda baki ba ya kaiwa. Ni ce dai mai ɗaurewar. Yanzu Baba ya daina miƙo min hannu. Da ya ji takuna sai ya cusa shi ƙarƙashin cinya ya danne, idonsa ya firfito. Sai na zaro shi da ƙarfi. Wuyan hannun ya saɓule, ya yi ja, na riƙa naɗa auduga a ƙarƙashin ƙyallen ina ce wa kaina ai ina tausaya masa.

Abinci ya daina wuce min. In na ɗaga loma sai in ga kwanon ruwan da ke gefen gadonsa, taku ɗaya daga hannun da ba zai kai ba. Kullum da safe kafin in tura ƙofarsa sai na tsaya na kasa kunne ko zan ji numfashi. Tsoro nake kada in same shi a mace, kuma tsoro nake in same shi da rai yana kallona.

Masu zuwa dubiya ba su taɓa gani ba. Da an yi sallama Anti za ta ce, "Je ki gyara Baba." Sai in kwance, in ja hannun rigarsa ya rufe ciwon. Su shigo su ce jiki ya yi kyau. Baba ya ɗaga hannun yana nuna kan gado, yana nuna ni, yana "aa, aa". Yaya ya yi murmushi ya ce, "Godiya yake yi muku."

A sati na biyar aka kira ni cewa mahaifiyata ta faɗi a banɗaki. Na ba Baba abinci, na ɗaure shi kamar kullum, na roƙi Anti har da riƙe mata hannu.

"Don girman Allah, da tsakar rana ki kwance shi ki ba shi ruwa. Ki jingina shi da filo kada ya zame."

Ta ce, "Na ji, na ji. Sai ka ce ke kika haife shi."

Sai dab da faɗuwar rana na dawo. Keken ɗinki na ta ƙara, an kawo mata aikin gaggawa. Ban ko ajiye jaka ba na wuce ɗakin.

Innalillahi. Baba ya zame daga filo, jikinsa duk ya sulale ƙasan gado, nauyinsa gaba ɗaya yana rataye a hannun nan. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi-baƙi. Bai yi ihu ba da ya gan ni, muryar ma ta dishe. Ƙullin ya ɗaure tamau, na kasa kwancewa, sai da na ɗauko wuƙa. Da na yanke, hannun ya faɗo kan katifa kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Na ce, "Baba, motsa yatsunka. Baba, don Allah buga min ko sau ɗaya."

Ya dubi hannun. Na ga yana ƙoƙari, kafaɗarsa na rawa. Wuyan hannun ya langaɓe, yatsun ko gezau.

Anti ta ce daga bayana, "Barci hannun ya yi. Ki shafa masa man zafi."

Kwana huɗu ina shafawa. Kumburin ya sauka, hannun bai tashi ba.

Ranar komawa asibiti ta zo. Likitar ta tarbe mu da fara'a, riƙe da wani allo mai hotuna: kofi, gado, banɗaki, fuskar mai jin ciwo. Ta ce, "Baba, na yi maka tsaraba. Daga yau abin da kake so sai dai ka nuna da yatsa." Ta ɗora masa a cinya. Baba ya ƙura wa allon ido. Hannayensa biyu suna kwance.

Ta ɗaga hannun hagun ta saki, ya faɗi. Ta naɗe hannun rigar. Ta daɗe tana kallon zoben ciwon da ya zagaye wuyan hannun.

"Wa ya yi wannan?"

Yaya ya gyara murya. "Ai ke kika ce a hana hannun aiki."

"Ni? Ni na ce a ɗaure mutum kamar akuya? Awa nawa a rana?"

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce wa ya ɗaure shi?"

Yaya ya ce, "Ni dai wuni nake a ofis. Ga mai jinyarsa nan."

Gaskiya ya faɗa. Ko sau ɗaya hannunsa bai taɓa yin ƙullin ba.

Likitar ta ce jijiyar hannun ce ta danne. Ta ce akwai fatan ta farfaɗo, amma sai an riƙa kawo shi sau uku a sati, a sa masa abin tallafe wuyan hannu, a riƙa motsa yatsun. In aka bari ya daɗe, yatsun za su ƙage, shi ke nan. Ta ce kuma dole ta rubuta abin da ta gani ta kai wa na gaba da ita, mu zo jibi a zauna da mu.

Ba mu koma ba. Tun a mota Yaya ya yaga katin. Ya ce yarinya ƙarama ba za ta ci mutuncinsa a kan ubansa ba, asibitin ne ma ya jawo komai. Da suka bugo waya daga asibiti ya ce an kai tsoho wurin dangi ya huta. Ni kuma ya ce min, "Ki sani, in maganar nan ta fita, ke za a kama. Ni rufa miki asiri nake yi." Ga 'yan'uwa kuwa aka tsara magana ɗaya: ciwon ne ya haye ɗaya ɓarin. Mijina ya dawo, aka faɗa masa haka, ya dube ni na daƙiƙa ɗaya, ya zaɓi ya yarda.

Ina motsa masa yatsun a ɓoye yadda na ga likitar ta yi, amma ban san ko daidai nake yi ba. Kullum sai na ji sun ƙara tauri. Ba a ɗaure Baba yanzu. Babu buƙata.

Sati uku bayan nan wani abokinsa ya zo, wani dattijo mai fenti da suka yi shekaru suna aiki tare. Ya yi tafiya ne, bai daɗe da dawowa ba. Ya zauna a bakin gado ya miƙa hannu su gaisa. Hannunsa ya tsaya a iska. Ya kama na Baba ya jujjuya, ya taɓa tabon da yatsa. Mutumin nan ba yaro ba ne.

Yaya na jingine da ƙofa. Ya ce wa dattijon, "Ciwon ne ya haye, Baba."

Dattijon bai ko dube shi ba. Ni ya duba. Ya ce, "'Yata, ke ce kullum a kansa. Kafin in yi tafiya da hannun nan ya riƙe ni har na ji zafi. Ɗana na waje da mota. In akwai abin da asibiti za su iya, yanzun nan zan ɗauke shi, ba ruwana da kowa. Faɗa min tsakaninki da Allah, me ya samu hannun nan?"

Baba ya juyo da kai. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun ranar da na yanke ƙyallen. Bakinsa ya buɗe, ba sauti, yana jira. Ina jin numfashin Yaya a bayana. Ina jin 'yata a tsakar gida tana koya wa ƙaninta ƙirga. Kalmomin duk suna nan a bakina, ni ba abin da ya shanye min.

Na ce wa dattijon, "Ciwon ne ya haye, Baba."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. Ya ajiye hannun a hankali, ya ja bargo ya rufe shi. Ya ce, "Allah mai iko. To 'yata, sannu da ƙoƙari. Ba kowa ke samun suruka irinki ba. Yadda kika riƙe shi, Allah ya ba ki masu riƙe ki haka."

Yaya ya ce amin. Anti ta amsa daga falo. Dattijon ya tsaya yana jiran nawa, sai da na faɗa sannan ya tashi.